Murya Ta Biyar a Gidan Wankan Kinu

Daga shagon aski maganar ta fito, ta biyo ta kasuwar kifi ta ƙara nauyi, kafin tsakar rana ta gama garin Kamenoura: wai akwai namiji a cikin ƙungiyar mawaƙan nan, Matan Tururi. Su huɗu ne, suna waƙarsu da murya zalla, ba ganga ba sarewa, amma a sabon kaset ɗin da suka ɗauka ana jin muryoyi biyar. Ta biyar ɗin tana can ƙasa, mai kauri, kamar jirgin ruwa yana gunji daga nesa. 'Yan shagon aski suka yanke cewa Genzo ne, mai hura wutar gidan wankan jama'a, yake yi musu daga bayan katanga. Masu kifi suka ƙara da cewa ba a banza yake yi ba, idonsa na kan Chizuru mai muryar ƙasa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma duk kaurin muryar da ake yaba mata na aro ne.

Malama Tokie, yayar Chizuru, a layin sayen awara ta tarar da zancen. Ta koyar da kimiyya a sakandaren garin har ta yi ritaya, rabin mutanen layin kuma sun taɓa zama a gabanta suna hamma. Tana isowa kowa ya kama kallon takalminsa.

"Ku ci gaba mana," in ji ta. "Wa ya ga Genzo yana waƙa?"

Babu wanda ya gani.

"Wa ya ji shi?"

"Ai kowa ya ji a kaset, Malama."

"A kaset murya kuka ji. Genzo na tambaya."

Mai awara, wanda shi ma tsohon ɗalibinta ne, ya ce, "Malama, mata huɗu, murya biyar. Ko ni da na faɗi lissafi na san an samu ragowa."

"Na tuna ka faɗi. Ba ni awara ta, kuma ka zaɓo mai ƙwari."

Ta tafi gida tana jin haushi, don yaron bai yi kuskure ba. Ita ma ta saurari kaset ɗin. Biyar ne.

Sama da shekara ashirin ke nan da kafuwar ƙungiyar, kuma ba da niyya aka kafa ta ba. Yaeko, matar ɗan Kinu mai gidan wanka, tana goge tayil da rana kafin a buɗe wa jama'a, sai ta ja baitin wata tsohuwar waƙar masunta. Chizuru da ta kawo saƙon busasshen kifi ta amsa mata daga bakin ƙofa. Ɗakin ya ɗauki muryoyin biyu, ya cika su, ya mayar musu da su, har su kansu suka kalli juna. Daga baya Motoko mai kemis da Sanae mai raba wasiƙu suka shigo. Tun daga nan, kullum idan Genzo ya hura wuta ruwa ya fara zafi, su huɗun sai su tsaya a bakin ɗakin wankan mata da kayansu a jiki, su yi ta rerawa har lokacin buɗe ƙofa.

Da abu ɗaya suka yi imani, cewa tururi ne sirrinsu. A gidan wanka babu mai kama ƙafarsu. Amma da sun fita waje, wata rana waƙa ta yi daɗi, wata rana su fara tare su ƙare kowacce a unguwarta. Saboda haka duk inda aka gayyace su da butocinsu na tafasa ruwa suke zuwa. Sun yi a bukukuwan aure, sun yi a gidan tsofaffi, sun yi a bikin jiragen kamun kifi, har masana'antar taliya sun taɓa zuwa don kawai an ce akwai tururi. A gidan rediyon lardi sun sa an jona musu buta biyu har gilashin ɗakin ya yi gumi, mai ɗaukar sauti ya fusata, waƙar kuma ta watse duk da haka. Tokie ta sha gaya musu cewa tururi ruwa ne kawai da ya ji wuta, bai san waƙa ba. Su ce, "To, Malama," su cika butocinsu.

Kinu kuwa tana kan doguwar kujerarta ta katako mai bisa a bakin ƙofa, tsakanin ɓangaren maza da na mata, tana ninke tawul, fuska a ɗaure. Ba ta taɓa yaba musu ba. Ba ta kuma taɓa korarsu ba, domin mai gidan wanka ba ta ɗaga wa wanda ya shigo murya. Uwarta ba ta yi ba, ita ma ba a kanta za a fara ba.

A bana ne aka zaɓe su zuwa babban taron mawaƙa mata na lardi, abin da suka daɗe suna nema. Kaset ɗin da ya sa aka zaɓe su shi ne kuma ya jawo musu. Kwamitin taron ya bugo waya: za a turo mace ta zo ta saurare su da kunnenta, idan ta ga akwai hannun namiji a ciki, an cire su.

Tokie ta sami ƙanwarta a rumfarta tana jera kifi a kan raga, ba ta ko ɗago ba.

"Yaya, na bari."

"Kin bar me? Kifi?"

"Waƙa. Jiya wata ta zo sayen kifi ta ce in gaida angona. Ni da jikoki. In matar nan ta zo ta ce mun yi maguɗi, ba zan ƙara buɗe baki a garin nan ba, ko atishawa ce a gida zan riƙa yi."

"Ke kike yin muryar nan ta ƙasa?"

"Ni nake zaton ni ce." Chizuru ta ajiye kifin. "In muna yi a can, sai in ji kamar ƙasa ta tallafe ni, muryata ta yi faɗi. Na ɗauka tururi ne yake buɗe min ƙirji. Da na ji kaset sai na ji wata a ƙarƙashina. Yaya, ko dai Genzo ɗin ne?"

"Ko dai ba amsa ba ce. Kar ki bar komai sai na dawo."

Washegari da rana ta zagaya bayan gidan wanka, inda murhu yake, ta jawo guntun itace ta zauna kusa da Genzo. Ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Malama, nan akwai toka."

"Na ga toka. Zauna. Yi min waƙa."

"Ni?"

"Akwai wani a nan?"

Ya yi gyaran murya ya fara. Abin da ya fito siriri ne, yana rawa, kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Kyanwar da ke kwance kan itace ta tashi ta bar wurin.

"Ya isa," in ji Tokie. "Na gode."

Can ciki matan suka fara. Ta zuba wa maƙogwaron Genzo ido. Yana taunar busasshen kifi, yana tura itace, kuma ga murya ta biyar tana ratsowa ta bango, lafiyarta ƙalau.

"Ka ji abin da ake faɗa a gari?"

"Na ji, Malama. Maganar waƙar nan ƙarya ce."

"Ɗaya maganar fa?"

Genzo ya sunkuya ya ƙara itace a wutar da ba ta buƙatar itace.

Ba shi ba ne, to. Sai dai shaidar yaya a kan ƙanwarta ba ta da kasuwa, kuma cewa ba wane ba ne bai faɗi ko wane ne ba. Ta koma gida ta sauko da tsofaffin littattafanta, ta kuwa sami abin da take tunani. Idan muryoyi biyu suka zauna daidai a kan juna, kunne yakan ji ta uku a ƙarƙashinsu, wadda babu bakin da ya fitar da ita. Ta taɓa koya wa yara wannan, su suna kallon taga. Ga ɗaki mai tayil, ga rufi mai tsawo, ga mata da suka shekara ashirin suna goga muryoyinsu da juna. Ta rufe littafin da jin daɗi, har ta ƙara wa kanta shayi.

Ranar da ta je nuna musu, Kinu ba ta nan, ta tafi haikali don ranar tunawa da mijinta. Tokie ta jera su a inda suka saba tsayawa, ta yi musu bayani da hannu da ƙafa.

"Wato ba kowa ba ne?" in ji Yaeko. "Iska ce kawai?"

"Ba iska ba. Kunnenku ne."

"Kunnenmu ne ya shiga kaset?" in ji Motoko mai kemis.

Tokie ba ta ji daɗin tambayar ba, don tambaya ce mai kyau. "Ku dai fara."

Suka fara. Ga tayil, ga tururi har yana ɗiga daga rufi, ga wutar Genzo tana ci. Muryoyi huɗu, ba ƙari. Kafin su kai tsakiyar waƙa Sanae ta zame, Motoko ta bi ta, Yaeko ta tsaya can sama ita kaɗai kamar wadda aka janye wa tsani. Suka sake, haka. Suka canja waƙa, haka.

"Yau tururin bai nuna ba," in ji Sanae.

"Tururin nan zai dafa ƙwai," in ji Tokie. Ta dubi littafin da ke hammatarta. Abin da ya faɗa gaskiya ne a wani wuri, amma ba a ɗakin nan ba, ita kuwa ba ta ga dalilin tsaya wa littafi ba in ya ƙi tsaya wa kansa. Ta ajiye shi a kan benci. "Me ya canja yau?"

Suka dudduba. Babu komai. Sai doguwar kujera da babu kowa a kai, da tawul a jibge ba a ninke ba.

Tokie ta daɗe tana kallon kujerar. Akwati ce ta katako, cikinta fanko, an jingina ta da bango. Ta ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ta amsa kamar ganga.

Ta zaunar da su, ta ɓare lemo ta rarraba. "Ku tuna min. A waje, ina kuka taɓa yin waƙa ta yi kyau?"

"Bikin ɗana," in ji Yaeko. "Har kuka mutane suka yi."

"Kinu-san tana wurin?" in ji Tokie, ta haɗa sunan da "san" na girmamawa.

"Jikanta ne fa. Tana gaba, tana hararar kwalliyar amarya."

"Gidan rediyo?"

"Kar ki tuna mana. Inna ba ta je ba, ta ce ba ta da lokacin banza."

"Bikin jirage?"

"Na bara ya yi kyau, na bana ya watse," in ji Chizuru.

"Bara ta je," Yaeko ta faɗa a hankali. "Bana ƙafarta ta kumbura." Ta tsaya da ɓawon lemo a hannu. "Haba, Malama. Inna? Inna da ta ce waƙarmu tana tsinka mata madara?"

"Ban ce komai ba. Gobe ku zo kamar kullum, kada wadda ta kalle ta."

Ba abin mamaki ba ne a ce shekara ashirin babu wadda ta lura. Siririyar murya kunne yana nuna inda ta fito, amma mai kauri ba ta da adireshi, ta ko'ina take zuwa. Ukun sun ɗauka Chizuru ce, Chizuru ta ɗauka tururi ne.

Washegari Kinu tana kan kujerarta. Matan suka ja waƙar masunta, kuma ba a jima ba murya ta biyar ta shigo ta kwanta a ƙarƙashinsu. Tokie ta matso. Bakin tsohuwar a rufe gam, gira a haɗe, hannu yana ninke tawul. Ba abin da ke motsi. Tokie ta buɗe firij ɗin da ke gefe, ta ɗauko madara mai sanyi kwalba biyu, irin wadda ake sha bayan wanka, ta cire murfin ɗaya ta miƙa sama.

"Kinu-san, taya ni. Ba na son sha ni kaɗai."

"Malama, ba ki yi wanka ba za ki sha madara?"

Kinu tana buɗe baki murya ta biyar ta ɗauke. Tana rufewa ta dawo.

"Tsufa ne," in ji Tokie. "Sha mana."

Ba a mayar da hannun malama. Kinu ta karɓa, ta kafa kai. Kurɓa ɗaya, muryar ta yanke. Ta sauke kwalba, ta dawo. Ta sake kurɓa, ta sake yankewa. A kurɓa ta gaba Sanae ta kasa riƙe dariya, waƙa ta tarwatse, su huɗun suka juyo suna kallon kujera.

"Me kuke kallo? Gashin baki na yi?"

"Inna," in ji Yaeko, "ashe ke ce."

"Ni ce me?"

Tokie ta yi mata bayani dalla-dalla: ƙugi take yi ta hanci, baki a rufe, kujerar kuma tana ɗauka tana ƙara masa ƙarfi.

"Ni ba na waƙa," in ji Kinu. "Ban taɓa yi ba. Ko a makaranta baki nake motsawa."

"Ba ki jin wani abu yana kaɗawa a ƙirjinki idan suna yi?"

"Wannan ai haushi ne. Tun ina yarinya in abu ya ɓata min rai ban sami damar magana ba, haka yake min. A ciki yake, babu mai ji." Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Ana ji?"

"Har a babban birni an ji," in ji Motoko.

"Marigayi yakan ce buta ta tafasa. Na ɗauka fuskata yake nufi."

"Amma Inna, daidai kan waƙar kike yi, ba kya kuskure ko kaɗan."

"Shekara ashirin kuna zuba min abu ɗaya a kunne. Ko bokitin can ya haddace."

Chizuru ta rufe fuska da tawul tana dariya har da hawaye, Tokie kuma ta shanye madararta tana ganin ta gama aiki. Ashe ɓarna ta yi. Tun daga ranar murya ta biyar ta ɗauke ɗif. Kinu ta zauna a kujerarta a sandare, ta jefa alewa a baki, tana sauraron ƙirjinta kamar mai gadin ɓarawo. Da ta ji abin zai taso sai ta yi tari. Suka roƙe ta, suka lallashe ta, Yaeko ta dafa mata jan wake mai zaƙi da take so. Ta ci, ta gode, ta yi shiru. Da ta gwada yi da gangan don a ƙyale ta, abin da ya fito ko Genzo ya fi shi.

"Yaya, kin gano gaskiya kin kashe ta," in ji Chizuru. "Yanzu matar nan za ta zo ta ji huɗu, ta ce da muka ji tsoro ne muka sallami mutumin."



Ranar da baƙuwar ta zo ana ruwa tun safe. Shibayama-san sunanta, doguwa, da laima mai tsada da kunnen da aka ce yana jin kuskure daga bayan ƙofa. Ta cire takalmi a ƙofa, ta jera su, ta rusuna wa Kinu. Ta leƙa ɓangaren maza ta ga babu kowa, ta sa aka kira Genzo aka tsayar da shi a tsakar titi ƙarƙashin laimarta, inda take hango shi ta taga.

"To, ina sauraro."

Suka fara. Tokie tana tsaye a gefe tana jin waƙar tana sirancewa. Chizuru tana iya ƙoƙarinta, jijiyar wuya ta fito, amma babu komai a ƙarƙashinta. Shibayama-san ta ɗan karkata kai, irin karkatawar da Tokie ta sani sarai, don ita ma haka take yi kafin ta ja jan biro. Kinu tana sama tana tsotsar alewa, ta kafa wa bango ido.

Lallashi bai yi ba, roƙo bai yi ba. Tokie ta dubi daɓen katakon ɗakin, wanda Kinu take gogewa da hannunta kowace safiya tun tana budurwa, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Ta dubi ƙofa. A rayuwarta ba ta taɓa taka ko tabarmar wani da takalmi ba, kuma ta san kafin yamma labarin zai kai shagon aski. Ta fita, ta zura takalmanta na roba, ta je bakin kwata inda ruwan kasuwar kifi yake gangarowa ta taka sosai, ta dawo. Ta hau daɓen.

Taku ɗaya, biyu, a tsanake, kamar mai zagaya aji ranar jarrabawa. Ta je har wajen madubi, ta gyara gashinta, ta juyo ta wata hanyar don kada ta maimaita sawu. Idon Yaeko ya kusa faɗowa, amma ba ta daina waƙa ba. Shibayama-san ta kawar da kai don kunya.

Alewar ta fashe a bakin Kinu, kowa ya ji ƙarar. Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta buɗe baki, ta dubi baƙuwa daga birni, ta dubi Malama da furfurarta, ta mayar ta rufe. Ta fizgo tawul ta ninke shi kamar za ta karya. Sai ga shi ya taso, daga can ƙasa, ya fi na kullum kauri, har kwalaben madara suna ɗan kaɗawa a firij. Chizuru ta sauke kafaɗa ta hau kansa, Motoko da Sanae suka sami wurin zama, Yaeko ta tafi sama abinta. Tokie ta tsaya cak a tsakiyar taɓon da ta yi, ta manta da shi. Ba ta taɓa jin sun yi kamar haka ba.

Shibayama-san ta leƙa taga. Genzo yana tsaye a ruwa, baki a sake. Ta kara kunne a katanga, ta zagaya ɗakin tana kauce wa sawun takalmi, daga ƙarshe ta zo ta ɗora tafin hannu a jikin doguwar kujera. Ta bar shi a nan har waƙa ta ƙare.

"Uwar gida," in ji ta, "a ina kika yi karatun waƙa?"

"Ni ba na waƙa."

"Hannuna har yanzu yana zuga."

"Wannan tsakanina da Malama ne, kuma ba mu gama ba."

"Bokiti da tsumma suna ina?" in ji Tokie. "Na san hanya."

"Tsumma biyu. Kuma da gwiwa ake yi, ba da ƙafa ba."

Shibayama-san ta yi murmushi a karon farko. "Ba za a cire su ba. Sai dai dokarmu ɗaya ce: duk wadda aka ji muryarta, sai an ga fuskarta a dandali. Ko su zo su biyar, ko kada su zo."

"Su je su huɗu, ai da ƙafafunsu."

"Inna," in ji Yaeko, "in ba ke, a tsakiyar waƙa za mu rabu."

"Wa zai zauna a kujera? Wa zai karɓi mutane?"

"Ni," in ji Tokie daga ƙasa, tana matse tsumma.

"Ke? Mai shiga da takalmi?"

Chizuru ta matso. Ta zo ta tsaya a gindin kujerar, ta ɗauki tawul ɗaya daga cikin tulin, ta ninke shi yadda Kinu take so, gefe ya haɗu da gefe, ta miƙa mata. Kinu ta juya shi tana neman kuskure, ba ta samu ba.

"Ba zan sa riga mai ƙyalli ba," in ji ta.

Riga mai ƙyalli suka ɗinka mata, ruwan hoda, da fure a kafaɗa. Shawarar Tokie ce, kuma ta yi aiki: tun daga tashar jirgin ƙasa tsohuwar take ƙugi. Genzo da abokansa suka ɗora doguwar kujerar a motar kifi suka kai ta har dandali. Butoci kuwa Sanae ta ɓoye ɗaya a jaka, ta ce ba a sani ba. Na uku suka zo a taron, abin da ya ƙara ɓata wa Kinu rai har ta yi ta ƙugi a hanyar dawowa, Chizuru tana bin ta a hankali daga kujerar baya.

Tokie ba ta je ba, tana tsaron gidan wanka a kan wata 'yar kujerar aro. Da yamma mai awara ya shigo da tawul a wuya, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malama, wai a ƙarshe wane ne?"

"Babu namiji a cikin Matan Tururi, ba a kuma taɓa yi ba. Su biyar ne tun farko. Ta biyar ɗin Kinu ce."